A ɗebi samfur kafin a yi wa dabba allura

Saniya ta yi ɓari, ko hantsarta ta kumbura madara na fita da gudaji, sai mai ita ya ɗauko ragowar maganin da ke cikin kwalba tun bara ya ɗirka mata. Sai bayan kwana uku, da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sannan a neme mu. Mu malaman dabbobi babu abin da ke ɗaure mana hannu kamar wannan, domin a lokacin magani ya riga ya ɓata sawun ƙwayar cutar. Bai kashe ta duka ba, amma ya raunana ta yadda ko an kai samfur ɗakin gwaji ba lalle ta tsiro ba.

Tsiro na ce, kuma ba tuntuɓen harshe ba ne. Bakteriya, wato irin wannan ƙwayar cuta, halitta ce mai rai, shuka ta ake yi. Ma'aikacin gwaji zai ɗebi ɗigon madara ko ruwan miki ya shafa a kan faranti mai ɗauke da abincin da ƙwayar ke so, ya saka a na'ura mai ɗumin jiki, wajen digiri 37. Kwana ɗaya zuwa biyu sai ɗige-ɗige su bayyana. Daga nan a rina su a duba da madubin ƙara girma. Rinin nan wani likita ɗan ƙasar Denmak, Hans Christian Gram, ya fito da shi a 1884, kuma har gobe shi ke raba bakteriya gida biyu: masu riƙe launin shunayya da masu komawa ja-ja. Maganin da ke cin wannan gida sau da yawa ko gezau wancan ba ya yi masa.

Gwajin da ya fi yi wa mai dabba rana shi ne na gaba. A shimfiɗa ƙwayar a faranti, a jera 'yan ƙananan takardu a kai, kowace da maganin da aka jiƙa ta da shi. Kashegari, inda aka ga fili mai faɗi kewaye da takarda, wannan maganin yana ci. Inda ƙwayar ta tsiro har bakin takardar, sayen sa asarar kuɗi ce kawai. Irin wannan taurin kai na ƙwayoyi ƙaruwa yake yi duk lokacin da aka yi allura a makance ko aka katse magani kafin kwanakinsa su cika. A 2015 masu bincike a Sin suka gano bakteriya a jikin aladu da na majinyata da ke jure wa kolistin, maganin da likitocin mutane ke ajiyewa sai komai ya gaza. Tarayyar Turai kuwa tun 2006 ta hana zuba irin waɗannan magunguna a abincin dabbobi don kawai su yi ƙiba.

Ɗibar samfur ba wuya. In madara ce, a wanke hannu, a goge kan nonon, a zubar da tatsar farko, a tatsa cikin kwalba mai tsabta da aka karɓo daga ma'aikaci, a rufe, a ajiye a sanyi, a kai da wuri.

Ɓari kam sai an yi hattara. Ƙwayar burusela mai haddasa ɓari, wadda wani likita mai suna David Bruce ya gano a jikin sojoji a tsibirin Malta a 1887, tana cika mahaifa da ruwan haihuwa, kuma tana kama mutum ta hannu mai rauni ko ta madarar da ba a tafasa ba. Zazzaɓinta yana tafiya yana dawowa, da ciwon gaɓoɓi, har a yi ta shan maganin wata cuta daban. A sa safar hannu, a ware saniyar, a bari a ɗebi jininta. Tarin fuka na shanu shi ma yana kama mutum, sai dai ƙwayarsa nawa gare ta, takan ɗauki makonni kafin ta tsiro, shi ya sa ake gwada shi a fatar dabbar.

Akwai wuri ɗaya da ba ma son kowa ya ɗebo mana komai. Dabba ta faɗi ta mutu farat ɗaya, baƙin jini da ba ya daskarewa na fita ta hanci ko ta dubura: kada a feɗe, kada a ja ta. Wannan alamar ciwon saifa ce, cutar da wani likita Bajamushe, Robert Koch, ya tabbatar da ƙwayarta a 1876. Da zarar iska ta taɓa ƙwayar sai ta yi wa kanta ɓawo, ta zauna a ƙasa shekaru gommai tana jiran wata dabbar ta zo kiwo. A rufe gawar, a kori karnuka da yara daga wurin, a kira likitan dabbobi. Ɗigon jini ɗaya daga kunne ya ishe shi ya duba.