Cin amanar ƙasa: shin da gaske kisa ne hukuncinsa a Najeriya?

Tun bayan zanga-zangar watan Agustan 2024, kusan kowace majalisa a Bauchi, daga teburin mai shayi a Wunti har zuwa Yelwa, sai ka ji ana gardama kan wannan batu. Ga tambayoyin da aka fi yi mini.

Doka ta tanadi kisa?

Ƙwarai. Dokar Final Kod da ake aiki da ita a Arewa ta fayyace laifin a sashe na 410, sashe na 411 kuma ya ce hukuncinsa kisa ne. Kundin tsarin mulkin 1999, sashe na 33, ya halatta ɗaukar rai idan kotu ce ta yanke, kuma a 1998 Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa hukuncin kisa bai saɓa wa kundin 1979 da ake aiki da shi a lokacin ba.

Mene ne ainihin laifin?

Nan ne mutane suka fi ruɗewa. Cin amanar ƙasa shi ne ƙaddamar da yaƙi kan ƙasa don a tursasa shugaba, ko haɗa baki da wasu a yi hakan. Akwai laifukan da ba su kai nan ba, waɗanda hukuncinsu ke iya kaiwa ɗaurin rai da rai. Da irin wannan aka ɗaure Awolowo shekara 10 a 1963. Sukar gwamnati ko kukan tsadar masara ba yaƙi ba ne. Shi ya sa hankalina ya tashi a Nuwamban 2024 da na ga yara ƙanana da aka kama a zanga-zangar a gaban kotu a Abuja da tuhumar cin amanar ƙasa, wasunsu na faɗuwa ƙasa don galabaita. Daga baya Shugaba Tinubu ya ba da umarnin sakinsu. Doka ma ba ta yarda a yanke wa wanda bai kai shekara 18 ba hukuncin kisa.

An taɓa kashe wani?

An yi, amma a zamanin soja, ta kotunan musamman. An harbe hafsoshin soja kan zargin yunƙurin juyin mulki: Dimka a 1976, Mamman Vatsa a 1986, Gideon Orkar a 1990.

Wace kotu ce ke shari'ar yanzu?

Babbar Kotun Tarayya. Wanda aka yanke wa hukunci yana da damar ɗaukaka ƙara har Kotun Ƙoli, kuma ko bayan nan sashe na 175 ya ba shugaban ƙasa ikon yi masa afuwa.