Waiwaye: Ƙudurorin Majalisu da Fursunonin Tibet

Akwai lokacin da in majalisar dokokin Amurka ta ambaci sunan fursunan Tibet, yankin da ke ƙarƙashin ikon Sin, gwamnatin Beijing kan saurara. Ngawang Choephel, mai nazarin kiɗan gargajiya da ya yi karatu a jihar Vermont, ya shiga Tibet a 1995 da kyamara don ɗaukar waƙoƙin mutanensa. Aka kama shi, aka ɗaure shi shekara 18 bisa zargin leƙen asiri. 'Yan majalisar Vermont suka kafe a kan maganarsa, sai ga shi an sake shi a Janairun 2002 da sunan rashin lafiya, saura wata guda Shugaba Bush ya ziyarci Sin.

A shekarar ce majalisar ta yi dokar manufofin Tibet, wadda ta buƙaci gwamnatin Amurka ta riƙa neman sakin masu zaman kaso saboda siyasa ko addini. Phuntsog Nyidron na cikin mata 14 masu zaman zuhudu na addinin Buddha da suka naɗi waƙoƙi a kaset a ɓoye cikin kurkukun Drapchi na Lhasa a 1993, laifin da ya sa aka ƙara musu shekaru. Ta fito a Fabrairun 2004, makonni kaɗan bayan majalisar wakilai ta zartar da ƙuduri da sunanta.

A ganina ba ƙudurin ne kaɗai ya buɗe ƙofa ba. Lokacin Sin ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya ke nan, ga wasannin Olamfik na 2008 a gaba, tana gudun ɓacin suna. Da ta yi ƙarfi, sai kunne ya toshe.

Majalisar Tarayyar Turai ta sha yin ƙuduri kan malamin addini Tenzin Delek Rinpoche. An mayar da hukuncin kisansa ɗaurin rai da rai a 2005, amma a kurkuku ya rasu a Yulin 2015, hukuma ta ƙone gawar duk da roƙon danginsa. Tashi Wangchuk, wanda ya nemi a koyar da harshen Tibet a makarantu, sai da ya cinye shekara biyar ɗinsa cur, ya fito a 2021.

Daga baya majalisar Amurka ta koma ga matsa wa jami'ai: dokar 2018 ta tanadi hana biza ga masu tare wa Amurkawa hanyar shiga Tibet, ta 2020 kuma takunkumi ga masu tsoma baki a zaɓen magajin Dalai Lama, babban jagoran addinin Buddha na Tibet. Shi kuwa Gedhun Choekyi Nyima, Panchen Lama (muƙami mai bi wa na Dalai Lama) da hukumomin Sin suka ɗauke a 1995 yana ɗan shekara shida, Beijing ta ce a 2020 ya gama jami'a, yana aiki, ba ya son a dame shi.