Shirin bazara tun sanyi bai wuce ba ake yin sa

Daga Maris zuwa Mayu zafi a Maradi yakan haura digiri 40, mu kuma mun saba cewa "ai bazara ce" mu wuce. To, a Afrilun 2024, ana cikin azumi, zafi ya kai digiri 48.5 a Kayes ta ƙasar Mali, kuma asibitin Gabriel Touré na Bamako ya ƙirga gawa 102 cikin kwana huɗu na farkon watan, da yawansu tsofaffi ne. Sahel ɗaya muke da su.

Tsoho ba ya jin ƙishirwa da wuri kamar yaro, shi ya sa ya fi kowa shiga haɗari. Ku leƙa ɗakin Kaka da azahar: rufin kwano, taga ɗaya a rufe saboda ƙura, an ɗauke wuta, fanka ta tsaya, moɗar ruwa tana can bakin randa inda ba ta iya zuwa. In an tambaye ta sai ta ce lafiya lau. Kada a jira ta nema, a kai mata ruwa, a fito da ita inuwar bedi ko rumfar zana, a jiƙa mata zane.

Abin da nake roƙon masu unguwa, daga Bagalam har Zariya ta nan Maradi, shi ne tun Fabrairu a zauna da liman da ma'aikatan lafiya na unguwa a san gidajen da ke da tsofaffi, masu juna biyu, masu hawan jini da ciwon suga, a sa wanda zai riƙa leƙa su. Asibitin unguwa ya tanadi ruwan ƙari da gishirin zawo. Masu buga bulo da sharar gona su koma aikin sassafe da la'asar sakaliya. Ƴan kabu-kabu su riƙe gorar ruwa. Mai ciwo da ke son yin azumi ya fara ganin likita.

Iyaye mata, jaririn da bai kai wata 6 ba nono ya ishe shi, a ƙara yawan ba shi kawai. Ruwan da ake ɗura masa don tausayi shi ke kawo zawo. Wanda zawo ya kama, ƙunshi ɗaya na gishirin a lita 1 ta ruwa mai tsabta.

Jiri, ciwon kai da fitsari ja-ja gargaɗi ne: inuwa da ruwa. Amma in mutum ya fara sambatu, jiki ya yi zafi rau, ko ya suma, ba iska ba ce, ba lokacin hayaƙi ba ne. A sassauta masa tufafi, a kwara masa ruwa, a yi ta fifita, a nufi asibiti ana yi. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a ɗura masa ruwa a baki. In kuma da zazzaɓi wuya ya sage, a gaya wa likita nan take, don lokacin sanƙarau ke nan.