Shin maganin tazarar haihuwa yana hana haihuwa har abada?

An daɗe ana faɗa wa amare cewa duk wadda ta yi amfani da maganin tazarar haihuwa, musamman tun ba ta haihu ba, to ita da haihuwa sai gani sai hange. Masu faɗa galibi iyaye ne masu ɗokin jikoki, kuma tsoro ne ke sa su.

Abin da aka sani shi ne, ƙwayar sha tana hana sakin ƙwai ne muddin ana shanta. Da an daina, mace na iya ɗaukar ciki cikin 'yan makonni. Haka robar da ake sakawa a ƙarƙashin fatar hannu da wadda ake sakawa a mahaifa, da zarar an cire.

Allurar wata uku ce ke da jinkiri, kuma ina jin nan zancen ya samo tushe. Bayan allurar ƙarshe akan kai wata 10, wani lokaci shekara, kafin ciki ya shiga. Watanni su shuɗe shiru, dangin miji su fara ƙananan maganganu, sai a ɗora wa allura. Amma jinkirin yana wucewa. Ɗaukewar al'ada da allurar kan jawo ma ba jini ne ya taru ba, bangon mahaifa ne bai yi kauri ba.

Ku duba da kanku: ku karanta takardar cikin kwalin, ko ku tambayi ma'aikaciyar jinya, "Idan na daina, yaushe zan iya ɗaukar ciki?" In an shekara ana nema babu, a gwada miji da mata duka, domin matsalar kan fito daga namiji, ko daga ciwon sanyi da ba a magance ba.

Don Allah ku tura wa 'yan uwa da ƙawaye.