Mene ne "firihan" a bakin teloli?

Duk wanda ya shiga koyon ɗinki a unguwar Nima ko Sabon Zango a Accra zai riƙa jin ana cewa wance ta iya firihan, wane bai kama ba tukuna. Firihan shi ne yanka yadi kai tsaye, ba tare da an fara zana fatan, wato siffar sassan riga, a takarda ba. Tela ya auna mutum da tef, ya ninke atamfa a kan tebur, ya sa alamar alli a inda kafaɗa da ƙirji da ƙugu za su faɗa, ya haɗa layukan, sai almakashi. Mafi yawan kaba da silit ɗin, wato riga da dogon siket, da matan Accra ke sawa da haka aka yanka su.

Daga nesa kamar ƙiyasi ne, amma lissafi ne zalla. Idan ƙirjin mace inci 40 ne, a raba huɗu, ya zama 10, a ƙara ɗan rara saboda ɗinki da saki. Wannan kowa na iya haddacewa a mako guda. Abin da ke cin shekaru shi ne lanƙwasar hammata da ta wuya, domin a nan ido da hannu ne ke yanke hukunci. Shi ya sa koyon yakan kai shekara uku, kuma madam, wato mai koyarwa, ba ta saurin miƙa wa 'yar koyo almakashi. Da guga da sa maɓalli ake farawa, sannan yanka takardar buhun siminti har hannu ya faɗa. Ai kayan mutane ne: yadi shida na atamfar GTP da mace ta sayo a kasuwar Makola don biki, biyu na kaba, biyu na silit, biyu na yafawa. In an ci inci ɗaya a hammata, babu mai mayar da shi.

Ina girmama wannan ilimi ƙwarai, kuma ba na son jin masu karatun zane suna raina shi. Amma mai burin ƙirƙiro samfurin kansa ya sani cewa firihan ba ya barin shaida. Riga ta fito ɗas a jikin mutum ɗaya, allin ya goge, gobe sai a sake daga farko. Wanda ke son fitar da samfuri ɗaya a girma huɗu, ko ya bai wa teloli uku aiki ya fito iri ɗaya, dole ya koyi fatan, irin wanda ake koyarwa a sashen zanen tufafi na Jami'ar Fasaha ta Accra.

Kafin a kai can ma akwai abin yi a shago. Duk rigar da ta zauna daidai, a shimfiɗa yankakkun sassanta a kan takarda mai kauri kafin a yi mata ɗinkin ƙarshe, a zagaye su da fensir, a rubuta awo da irin yadin a jiki.