Waiwaye: Yadda aka koma tonon "tarkacen" ƙwayoyin halitta don neman alamun sankara

A Birnin Kebbi, da zarar an tabo zancen ba da jini domin binciken ciwon daji, sai kan mutane ya rabu. Wasu na cewa jininmu kawai ake kwasa a kai waje. Wasu kuma na ganin gwajin da zai gano cutar kafin ƙulluto ya fito shi ne mafita, tunda yawanci sai ciwo ya ci jiki ake ɗaukar mara lafiya zuwa Sakkwato. Zancen ya girmi wannan gardama.

Daga 1990 zuwa 2003 masana suka karanta haruffan DNA na ɗan Adam, wato bayanan gado da ke cikin ƙwayoyin halittarsa, kusan biliyan 3. Abin da ke ƙera furotin bai kai kashi 2 cikin 100 ba, saura kuwa tun shekarun 1970 ake kiransa tarkace. A cikin tarkacen nan aka tsinci PCA3 a 1999, alamar sankarar mafitsarar maza (prostate), har Amurka ta amince da gwajinta ta fitsari a 2012.

Abin da ba a cika ambato ba ya faru ne a Maris na 1997, a birnin Buffalo na jihar New York. Talla aka buga a jarida ana neman mutum 20 su ba da jini domin wannan aiki na karanta DNA. Ba da wani mugun nufi ba, sauri da kuɗi ne suka sa aikin ya karkata ga samfurin da ya fi kyau, sai ga shi kusan kashi 70 cikin 100 na kundin haruffan DNA da duniya ta riƙe a matsayin ma'auni ya fito daga jikin namiji guda. Shekara da shekaru da mudunsa ake auna kowa. Na'ura kan yanyanka DNA ɗin majinyaci, kwamfuta ta jera kowane yanki a gurbinsa cikin kundin. Yankin da bai sami gurbi ba, galibi gefe ake tura shi, ko da alamar cutar a nan take.

Sai a 2018 aka ga girman giɓin, lokacin da masu bincike a jami'ar Johns Hopkins suka duba mutum 910 masu tushen Afirka, suka tarar da haruffa kusan miliyan 300 da babu su a kundin kwata-kwata. A 2020 shirin H3Africa, mai binciken gado da lafiya a Afirka, ya karanta DNA na 'yan Afirka 426 kacal, cikinsu har da Birom na Filato, ya fito da bambance-bambance sama da miliyan 3 da ba a taɓa rubutawa ba. Mutum 426 ba za su wakilci Afirka duka ba, domin a Jihar Kebbi kaɗai akwai Hausawa, Fulani, Zabarmawa, Kambari, Dukawa da Lelna na ƙasar Zuru.