Haɗakar cututtuka: me likitan iyali ke nufi da ita?

Ranar da na raka Goggona asibiti daga Bolari, likita bai fara da awon jini ba. Cewa ya yi, "Hajiya, zazzage mini ledar nan in gani." Ta kwance baƙar leda a kan tebur: ƙwayar hawan jini iri biyu, metfomin na suga, diklofenak da ta saya a kemis saboda ciwon gwiwa, maganin gyambon ciki, ga kuma gorar jiƙo da maƙwabciya ta ba ta. Ya daɗe yana jujjuya su, sannan ya dube ni ya ce irin wannan suke kira haɗakar cututtuka.

A ma'anar da Hukumar Lafiya ta Duniya ke amfani da ita, haɗakar cututtuka ita ce mutum ɗaya ya kasance yana fama da cuta biyu ko fiye masu daɗewa a lokaci guda. Mura da zazzaɓin cizon sauro ba sa cikin lissafi, don suna zuwa su wuce. Ana maganar waɗanda ake zama da su shekara da shekaru ana lallaɓawa: hawan jini, suga, ciwon ƙoda, asma, sikila, farfaɗiya, ƙanjamau, ciwon gaɓoɓi, har da ciwon damuwa, wanda mu a nan ba mu cika ɗaukarsa cuta ba.

Abin da ya sa aka ba ta suna na musamman shi ne cututtukan suna ciyar da juna. Suga da hawan jini su ne kan gaba wajen lalata ƙoda, ƙodar kuma in ta raunana sai ta ƙara tunzura jinin. Gwiwa ta hana tafiya, jiki ya yi nauyi, suga ya hau. Magani ma haka. Diklofenak ɗin da Goggo ke sha safe da yamma yana kwantar mata da gwiwa, amma yana ɗaga jini, yana cin ƙoda, yana kuma tono gyambon da take shan wani maganin dominsa. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Shi kansa metfomin, in aikin ƙoda ya yi ƙasa sosai, rage shi ake yi ko a dakatar.

A nan likitan iyali ke shigowa. A Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe da na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi akwai ƙwararru na zuciya, na ƙoda, na ƙashi, kowa ya san gaɓarsa ciki da bai. To amma wa zai zauna ya haɗa takardun maganin da kowannensu ya rubuta duka ya ga ko suna karo da juna? Aikin likitan iyali ke nan, kuma shi ma fanni ne da ake yin shekaru ana ƙwarewa a kai bayan digirin likita. In magungunan mutum sun kai 5 ko sun haura, dole ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya tambayi kansa amfanin kowanne. Sau da yawa ragewa ce taimakon da ya fi.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne tambayar da likitan ya yi wa Goggo: "Hajiya, a cikin duk waɗannan, wanne ya fi damun ki?" Ni na ɗauka suga za ta ce. Sai ta ce, "Ɗana, so nake in yi sujada goshina a ƙasa, na gaji da salla a kujera." Daga nan ya ɗora shirinsa. Ya tambayi wa ke sayen maganin, nawa ake kashewa a wata, wa ke girki a gidan, gishiri da magi nawa ke shiga miya, yaya take yi da ƙwayoyin in azumi ya zo. Wanda bai san tsofaffinmu ba zai ce hira ce. Wallahi a nan jinyar take, don tsohuwar da kuɗi suka yanke mata a tsakiyar wata raba ƙwaya gida biyu za ta yi ta yi shiru.

Kada kuma a ɗauka abin na tsofaffi ne kaɗai. Wani babban bincike da aka buga a 2012 kan mutane sama da miliyan 1.7 a Sikotland ya samu kusan kashi ɗaya cikin huɗu suna da haɗakar cututtuka, fiye da rabinsu ba su kai shekara 65 ba, kuma a unguwannin talakawa tana riga zuwa da shekara 10 zuwa 15.

Goggo dai likita ya cire mata diklofenak, ya ba ta farasitamol da man shafawa, ya roƙe ta ta ajiye jiƙon tunda ba a san abin da ke ciki ba. Ya rubuta gwajin ƙoda da na fitsari, ya ce mu dawo bayan mako huɗu da sakamakon, kuma mu taho da ledar nan kamar yadda take.